Cefane da gashin nama in an sauke ka a gidan Bajamushe

Wani ƙanina ne zai tafi Jamus kwas, aka ce masa a gidan wasu mutane za a sauke shi ba a ɗakin ɗalibai ba, tun daga ranar ya hana ni sakat a WhatsApp, yau ya ce yaya a ina ake samun naman yanka, gobe ya ce yaya zan iya tafiya da kilishi. Na ce to bari kawai in zauna in rubuta gaba ɗaya, wani ma ya amfana. Ni wata bakwai na yi a gidan wani dattijo da matarsa a wani ɗan ƙaramin gari kusa da birnin Kolon, daga Afrilu zuwa Oktoba, wato daidai lokacin da sanyi ke sakin mutane kowa ya fito da abin gashinsa bayan gida. Abin da na gani da idona shi zan faɗa.

Bari in fara da kilishin tunda shi ya fi tsaya wa mutane a rai. Kar ka ɗauka. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara ko wani abu da aka yi da su daga ƙasa irin tamu da ba ta cikin tarayyar, kuma ba ruwansu da cewa busasshe ne ko an naɗe shi da kyau, kilishi, dambun nama, soyayyen naman sallah, man shanu, cuku, duk hukuncinsu ɗaya. In 'yan kwastam suka buɗe jaka a filin jirgin Frankfurt suka gani karɓewa za su yi su lalata, suna ma iya haɗa maka da tara. Na san Hajiya za ta matsa ta ce ai ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana, to ka lallaɓa ta a canja tsarabar, hula, faifai mai ado, busasshen zoɓo, duk suna burge su. Ni garin yaji da garin kuli-kuli na zuba a roba mai murfi na tafi da su. In kana shakkar wani abu a jakarka, wurin fita akwai ƙofa mai alamar kore da mai alamar ja, bi ja ɗin ka nuna musu da kanka, ya fi a kama ka da shi.

Yanzu ga maganar da ta fi komai muhimmanci a wurina. Ranar da ka sauka, ko washegari in gajiya ta yi yawa, ka zauna da masu gidan ka faɗa musu abin da kake ci da abin da ba ka ci, dalla-dalla. Mu an raine mu da kara, baƙo ba ya zaɓen abinci, abin da aka ajiye maka ka yi bismilla, in bai kwanta maka ba ka ɗan taɓa ka ce alhamdulillahi na ƙoshi. Tarbiyya ce mai kyau a Kano da Zariya, amma a can cutar da kai za ta yi kuma ta cuci wanda ya sauke ka, don Bajamushe in ka ce ka ƙoshi to ya yarda ka ƙoshi, ba zai sake yi maka tayi ba, ba zai zauna yana karanta fuskarka ba. A satina na farko uwar gidan ta ɓata yamma guda tana soya wasu curin niƙaƙƙen nama da suke cewa Frikadellen don ta karrama ni, ni kuma na hango ledar naman a kicin na ga an rubuta gauraye ne, sai na ce cikina ba daɗi, na ci burodi na kwanta. Bayan kwana uku da ta gano dalili, wallahi ranta ya ɓaci sosai, har idonta ya kawo ruwa, ta ce me ya sa ban faɗa mata ba, ita ta ɗauka girkinta ne bai yi ba. Ƙin cin bai dame ta ba, ɓoyewar ce ta yi mata zafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ɗan'uwa.

Kuma kar ka tsaya a "ba na cin alade" kawai, don da yawansu abin da zai zo musu a rai shi ne tsokar alade a faranti, ba za su tuna da 'yan gutsattsarin da ake barbaɗawa a salak ɗin dankali ba, ko kitsen da ake soya abu da shi, ko giyar inabi da ake tsiyayawa a miya. Ka lissafa musu. In kai mai tsayawa a kan naman yanka ne ka faɗa a fili cewa ko saniya ce sai wadda Musulmi ya yanka, kuma kai za ka riƙa sayowa da kuɗinka, wannan na ƙarshen yana sauke musu nauyi. Maganar cin yankan Ahlul Kitabi malamai sun yi bayani kuma akwai saɓani kan yadda ake yanka a mayankar zamani, wannan ka tambayi malaminka tun kafin ka tashi, ka je da matsaya ɗaya, kar yau ka ci gobe ka ƙi ka rikita mutane. A zaman nan kuma kai ma ka yi naka tambayoyin: wane abinci ne ke cikin kuɗin masauki, wane ne a kanka, wane layi ne naka a firij, wace tukunya da wane katakon yanka za ka taɓa, sannan akwai wanda jikinsa ba ya son gyaɗa a gidan? Wannan tambayar ta gyaɗa za mu dawo kanta. Wajen kira kuma, ni a zuciyata Baba da Mama na ɗauke su, amma a baki Herr da Frau, wato kamar Malam da Malama, nake cewa haɗe da sunan iyalinsu, da "Sie" na girmamawa, har ranar da dattijon da kansa ya ce mu koma "du", wato "kai" ko "ke" na sabo. Babba ne ke bayar da wannan izinin, kar ka yi gaban kanka.

To sai cefane. Ran Lahadi kantuna a rufe suke, ba wasa ba ne, abu ne da ke cikin kundin tsarin mulkinsu ma, Lahadi ranar hutu ce. Manyan kantuna irin su Aldi, Lidl, Rewe, Edeka, duk za ka tarar da su garƙame. Abin da ke buɗe sai gidan burodi na 'yan awoyi da safe, gidan mai, 'yan kiyos da mutanen Kolon ke cewa Büdchen, da shagunan cikin manyan tashoshin jirgin ƙasa, su kuma da tsada. Haka ranakun hutu, 1 ga Mayu, 3 ga Oktoba, Juma'a da Litinin na Ista, da wasu da ke faɗowa ran Alhamis ba ka sani ba sai ka je ka ga ƙofa a rufe. Ka tambayi masu gida su nuna maka a kalanda. Duk gashin da za a yi ran Lahadi, ran Asabar ake gama sayayyarsa, har gawayi, har ashana, kuma Asabar da safe don zuwa yamma a ranar da gari ya yi kyau an wawashe kayan gashi. A jihar Bavariya ma ƙarfe 8 na dare kantuna ke rufewa ko a ranar aiki.

Kafin ka fita ka sa abu uku a aljihu: jakar zuba kaya, kwabon yuro 1 ko santi 50, da 'yan tsabar kuɗi. Jaka saboda tun 1 ga Janairun 2022 aka hana kantuna bayar da irin ledar nan ta zuba kaya, sai dai ka sayi ta takarda ko ta yadi a wurin biya. Kwabo saboda kurar da ake turawa a ɗaure take da 'yar sarƙa, sai ka cusa kwabon ta kwance, in ka mayar da ita kuɗinka ya fito. Tsabar kuɗi kuma saboda ƙananan shaguna da yawa har yanzu ba sa karɓar kati, ko su ce sai sayayya ta kai wani adadi. Farashin da ka gani a jiki shi za ka biya, haraji na ciki, ba ciniki ba gyara ba "nawa za ka rage min". Su waƙafi suke sawa inda mu ke sa ɗigo, 2,49 na nufin yuro 2 da santi 49. A ƙasan farashin da ƙananan baƙi akwai kuɗin kilo guda, shi za ka duba in kana son sanin wanne ya fi araha, kuma a teburin mahauci wani lokaci farashin giram 100 ne a rubuce ba na kilo ba, ka lura kar lissafi ya kwace maka.

Wurin biya kuma sai ka shirya. Za ka jera kayanka a kan bel, ka ɗauki 'yar sandar nan ka sa a bayan kayanka don na bayanka ya samu ya jera nasa, mai karɓar kuɗin kuma gudu take yi kamar ana korarta, tit tit tit, ga wurin da kaya ke taruwa ɗan mitsitsi, in ka tsaya shirya su a jaka ɗaya bayan ɗaya za su taru su fara zubowa, mutanen layi su yi tsit suna kallonka. Dabarar ita ce ka jera masu nauyi a gaba, gwangwani, kwalba, dankali, su ƙwai da tumatir a ƙarshe, tana miƙowa kana mayarwa cikin kurar, ka biya, ka tura zuwa dogon kanta da ke jikin taga, a can ka shirya a nitse. Ka ce "Hallo" in ka iso, "Tschüss" in za ka tafi, ya wadatar, ba a tsayawa gaisuwar gida da iyali.

Robar ruwa da gwangwanin lemo kuɗi ne, kar ka jefa a shara. Suna da tsarin da ake kira Pfand, duk roba ko gwangwani mai alamar akwai santi 25 a kansa da ka biya lokacin saye, kwalaben da ake sake cikawa kuma santi 8 ko 15. Akwai na'ura a bakin kanti, ka zura su ɗaya-ɗaya, ta ba ka 'yar takarda a rage maka a wurin biya. Kar ka murƙushe robar, kar ka ɓare takardar jikinta, na'urar ba za ta karɓa ba. In masu gida ne suka sayi ruwan to robobin nasu ne, akwai kwandon da suke tarawa, yawanci a ɗakin ƙasa. Ruwan famfo ana sha lafiya lau. Na kanti kuma mafi yawa mai gas ne, in ba ka so nemi wanda aka rubuta "still".

Karanta jikin kaya shi ne aikin da zai ci maka lokaci a makonnin farko, amma kalmomin ba su da yawa. Schwein alade, Rind saniya, Kalb maraƙi, Lamm ɗan rago, Hähnchen kaza, Pute talotalo. Speck da Schinken da Schmalz duk ka ɗauke su a na alade sai in an rubuta akasin haka. Niƙaƙƙen nama shi ne Hackfleisch, in ka ga "gemischt" ko "halb und halb" to rabi saniya rabi alade ne, kuma shi ya fi yawa a firij ɗin kanti. Tsiran nan nasu mai kamar hanji, Wurst, ko an zana kaza a gaba ka juya baya ka karanta Zutaten, wato jerin kayan haɗi, don wani ana ƙara masa kitsen alade ko a ɗura shi a hanjin alade. Gelatine kuma tana cikin alawa mai danƙo, wasu yogot, da wasu kek, alawar Haribo ta kanti yawancinta da ta alade ake yi, amma a shagon Turkawa akwai wadda ake yi a Turkiyya da ta saniya. Giyar da aka rubuta "alkoholfrei" tana iya ɗaukar ɗan burbushin barasa har kashi 0.5 cikin ɗari, ni na bar ta, na koma Apfelschorle, ruwan tuffa ne da ruwan gas, ba wurin gashin da za ka je ka rasa shi.

Nama kuwa wurin Turkawa za ka. Kusan duk garin da ya ɗan yi girma akwai shagonsu, za ka ga an rubuta "helal" a gilashi, su haka suke rubutawa, mahauci kuma "kasap". A Kolon akwai titin Keupstraße a unguwar Mülheim, shagunan Turkawa ne reras, sannan kewayen babban masallacin da ke titin Venloer a Ehrenfeld ma ba a rasawa, ni ran Juma'a nake haɗa biyu, in an idar da salla in wuce in yi cefanen mako. Dana naman shanu, kuzu rago, tavuk kaza, kıyma niƙaƙƙe. In ka shiga da sallama za ka ga fuskar mutum ta sake. A nan za ka samu abin da babban kanti ba ya ajiyewa, hanta, ƙoda, tumbi, ƙafar saniya, ga albasa buhu-buhu da shinkafa mai araha. In yadda aka yi yankan ya dame ka tambaye shi kai tsaye, don dokar Jamus ta ce a sumar da dabba kafin a yanka sai wanda aka ba izini na musamman, saboda haka naman helal da yawa an bi ta wannan hanyar ne, wani kuma daga wata ƙasa ake kawowa. Wannan dokar ce ma ta sa ko da wasa kar ka yi tunanin sayo rago ka yanka a bayan gidan mutane in babbar salla ta same ka a can, laifi ne babba kuma za ka jawo wa masu gida bala'i. Ko dai ka yi rajistar layya wurin mahaucin tun da makonni, su "kurban" suke cewa, ko ka tura kuɗi gida a yanka maka. Attaruhu, kuɓewa, manja, doya, wani lokaci har kuli-kuli, sai shagunan 'yan Afirka da ake cewa Afro Shop, attaruhun kuma da sunan Habanero za ka same shi.

In tafiyar da nisa ka riƙe jakar sanyi, musamman Yuli da Agusta. In ka iso gida naman ya shiga roba mai murfi a can ƙasan firij, kar jini ya ɗiga a kan cukun uwar gida. Niƙaƙƙen nama na mahauci ranar da ka saya ranar za ka dafa. Ga wani abu kuma da zai iya haɗa ku: wankin kaza. Mu ba ma dafa nama ba mu wanke ba, su kuma hukumomin lafiyarsu cewa suke kar a wanke ɗanyar kaza a famfo don ruwan na fantsama ƙwayar cuta a kan kwanuka da kanta. Ni abin da muka daidaita a kai shi ne in wanke a cikin roba mai zurfi a hankali ba a ƙarƙashin famfo ba, in na gama in wanke wurin da ruwan zafi da sabulu, kuma ina da katakon yanka nawa daban.

Mu zo kan wuta. Farko su za su gayyace ka, don Bajamushe da rani ba ya wasa da gashi. In an ce ƙarfe 5 to ƙarfe 5 ne. Sau da yawa kowa na zuwa da abin da zai gasa ko wani salak, ka tambaya me zan kawo, amsar da aka ba ka ita ce gaskiya ba kara a ciki. Matsalarka a nan ita ce wayar gashin, don abin da ya fi hawa kanta tsiran alade ne da wuyan alade, maiƙo ya kama ko'ina, cokalin juyawa ma ɗaya ne. Mafita mai sauƙi: ana sayar da farantin gwangwani marar nauyi na gashi, Grillschale, a duk kanti, ka sa namanka a ciki a gefe guda, da abin juyawarka daban. In zamanka zai daɗe, sayi 'yar wayarka ta kanka, ba ta da tsada, ni haka na yi, dattijon ya buga mata ƙusa a gareji ya rataye ta daban, ko ba na nan ba mai taɓawa. In waya ɗaya ce tilas, a wanke ta fes kuma naka ya fara hawa kafin nasu. Sai ka sa ido kan wata al'ada, wasu mazan in nama ya ɗauki wuta sai su tuttula masa giya daga kwalbar hannunsu, ba da mugunta ba, sabo ne, in ba ka faɗa tun farko ba kafin ka buɗe baki ta fantsama har kan naka. Akwai kuma Mett, ɗanyen niƙaƙƙen alade ne da ake shafawa a burodi da albasa a kai, a ido kamar wani abin marmari.

Bayan ka ci nasu sau biyu sau uku, ka ce kai ma za ka yi musu tsire. Ka yi, don Allah ka yi, babu abin da ya buɗe tsakanina da mutanen layinmu kamar wannan. Amma ka nemi izini da kwanaki, ka bari mai gida ya nuna maka abin gashinsa da yadda yake so a yi da shi, wasu suna ji da shi kamar mota. A nan ne tambayar gyaɗa ke dawowa: duk wanda aka gayyata a tambaye shi, manya da yara, don akwai wanda ɗan kaɗan ɗin kuli-kuli zai toshe masa numfashi sai asibiti, kuma ba wanda zai kalli tsire ya san da gyaɗa a jikinsa. In akwai irin wannan mutumin, nasa a gasa daban da gishiri da citta kawai, tun kafin kuli ya taɓa wayar.

Wurin mahauci ka ce a ba ka Oberschale ko Hüfte, tsokar cinya ce marar jijiya, kuma ka ce ya yanka maka falle-falle kamar na Rouladen, wani abincinsu ne da ake naɗe nama siriri, da ka faɗi haka ya gane, ya rage maka rabin aiki. In a dunƙule ka saya, sa shi a firiza kamar minti 45 ya ɗan ƙanƙare, wuƙa za ta bi shi yadda kake so. Kilo ɗaya da rabi ya ishi mutum shida in akwai burodi da salak. Tsinke na katako Schaschlikspieße sunansa, ka jiƙa shi a ruwa rabin awa kar ya ƙone. In kulinka ya ƙare kar ka ce za ka maye da man gyaɗar shafa burodi, mai ya yi masa yawa, narkewa zai yi ya ɗiga a wuta ya tada hayaƙi. Sayi soyayyar gyaɗa marar gishiri, ka niƙa ta yi laushi, ka ɗan zuba ruwan zafi kana murzawa har mai ya fito, ka matse a ƙyalle mai tsabta, tunkuzar da ta rage ka faɗaɗa ta ka gasa a oba ta bushe sannan ka daka. Ka haɗa da citta, tafarnuwa, masoro, ɗan kanumfari, gishiri da dunƙule. Barkono kuwa ka raba biyu, na jikin naman ɗan kaɗan, yajin gaske a ɗan kwano a gefe mai so ya ɗiba, abin da kai ba ka ji komai ba su zai sa su hawaye. Ka soke naman a tsinke a shimfiɗe, ka shafa mai, ka birkiɗa a garin, ka danna da tafin hannu ya kama, ya huta awa ɗaya a firij.

Gawayi iri biyu ne a kanti. Holzkohle shi ne irin namu, yana kamawa da wuri, zafi sosai, amma ba ya daɗewa. Briketts curarre ne, yana ɗaukar fiye da rabin awa kafin ya kama amma ya fi jimawa kuma zafinsa a daidaice yake, ni shi na fi so wa tsire. Ana kunnawa da 'yan ƙananan dunƙulen kunna wuta, Grillanzünder, yawancin gidaje kuma suna da wani gwangwani dogo mai mariƙi da ake cika shi da gawayi a kunna daga ƙasa. Fetur, kananzir, ko sifirit, ko kusa kar ka kunna da su, duk shekara sai an kwantar da mutane a asibiti saboda wutar da ta yi tsalle ta kama na tsaye a gefe, sau da yawa yara. Ba a kunna wuta da leda ko kwali kamar yadda wasu ke yi a gida, warin zai kai wa maƙwabta. Ka jira sai harshen wuta ya mutu gawayin ya yi fari da toka. Ka tuna yadda mai tsire ke kafa tsinkensa a kewayen tukuba nesa da wuta, zafi ne ke gasawa ba harshe ba, to haka za ka yi, ka tara garwashin a gefe ɗaya, tsiren a ɗaya gefen, don kuli-kuli da ya ji wuta kai tsaye baƙi yake yi ya koma ɗaci. Kana juyawa kana ɗan shafa mai da buroshi, minti goma zuwa sha biyar ya yi. Kaza kuma sai ta nuna har ƙashi, ba ja ba jini, in akwai ma'aunin zafi a gidan cikinta ya wuce digiri 70. In ruwan sama ya sauko, kuma yana saukowa ba sallama, kar a ja abin gashin zuwa gareji ko falo ko da ƙofa a buɗe, garwashi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi tana kashe mutum yana zaune, kuma na'urar hayaƙin da ke silin ba ta jin ta. Ita wannan na'urar ma ka sani tana kusan kowane ɗakin kwana, turaren wuta na iya tada ita, ka tambaya kafin ka kunna. Lambar gaggawa 112.

Maƙwabta su ne sauran rabin aikin. In gidan bene ne na haya akwai dokar gida a rubuce, Hausordnung, wasu sun hana gawayi a baranda sai abin gashi na lantarki, in ka karya masu gidanka za a kawo wa takarda ba kai ba. In gida ne mai fili, duba inda iska ke kaɗawa kar hayaƙi ya shiga tagar wani ko ya bi shanyarsa. Ƙarfe 10 na dare kuma ake shiga lokacin shiru har 6 na safe, ba kiɗa ba ɗaga murya, mu kuwa in hira ta yi daɗi ba ma sanin muryarmu ta hau. Abin da ke ruɗar baƙo shi ne a watan Yuni a Kolon rana ba ta faɗuwa sai wajen 10 saura, kana ganin gari da haske ka ɗauka da sauran lokaci, ashe magariba da lokacin shiru tare za su shigo. Ka hura wuta ƙarfe 5, a ci wajen 6 da rabi. In a lambun gwamnati za ku yi, ka fara tambaya ko an yarda a yi gashi a wurin, cikin daji kuwa an hana.

Kwana ɗaya kafin ranar tsirena dattijon ya ce in zo mu ƙwanƙwasa wa na dama da na hagu mu sanar da su za a yi hayaƙi, da tsiren ya nuna kuma na zuba tsinke huɗu-huɗu a faranti da yankakkiyar albasa da tumatir na kai musu, yadda muke yi a gida. Wata tsohuwa da wata biyu ba ta wuce ɗaga min kai ba, washegari ta dawo da farantin da kek a ciki. In akwai kare a gidan ka tattara tsinkunan da ragowar albasa da kanka, duka biyun suna yi masa illa.

Gyaran wuri naka ne tunda kai ka hura. Wayar tun da ɗuminta za ka goge ta da buroshin ƙarfe, in ta huce maiƙon ya daskare sai ka sha wahala. Toka a bar ta ta kwana, garwashi na iya ɓoye a ciki har washegari, sai ta huce sarai a naɗe ta a zuba a kwandon shara baƙi ko ruwan toka na Restmüll, wato na sauran shara, ba na takarda ba, ba na ragowar abinci ba. Ledar nama da robobin da ba Pfand a kansu a mai ruwan ɗorawa, kwalabe kuma akwai manyan akwatuna a bakin titi an raba fari da kore da ruwan ƙasa, su ma ba a jefawa ran Lahadi saboda ƙara, ka ajiye sai Litinin. In gawayin mai gida ka yi amfani da shi, ran da ka fita cefane na gaba ka sayo buhu irin nasa sak ka ajiye a inda ka ɗauki wancan.